Mutum biyar sun isa gwajin manhaja? Abin da ya fito da aka gwada mutum 60 a Texas

Duk wanda ya ɗan jima a harkar haɗa manhaja ko dizain ɗin shafin intanet ya san maganar nan da ake yawan yi, wai mutum biyar sun isa. Ka gama haɗa af ɗinka, ka nemo mutum biyar ka zaunar da su ɗaya bayan ɗaya, kowa ka ba shi aiki ya yi kana kallo, shikenan ka gano kashi 85 cikin 100 na matsalolin da ke ciki. Oga yana son maganar don ba ta cin kuɗi, divelofa yana sonta don a yini ɗaya an gama an tashi, har ta kai ba mai tambayar daga ina lissafin ya fito. To akwai wata mai bincike a Jami'ar Texas da ke Austin, sunanta Laura Faulkner, ita ce ta ce bari a gwada ita kanta maganar a gani. A 2003 ta fitar da sakamakon, kuma aikin nata nake so mu bi daki-daki, don ni dai a ganina duk wanda ke sa hannu a rahoton da ya ce "an gwada, babu matsala" ya kamata ya san shi.

Shi irin wannan gwaji na manhaja ba mutum ake yi wa jarrabawa ba, manhajar ake yi wa. Za a ce maka "tura wa wani kuɗi" ko "nemo takalmi ka saya", mai lura yana gefe da biro da takarda ba zai ce maka uffan ba, duk inda ka tsaya kana zuba wa allo ido, duk inda ka danna abin da ba shi ba ne, duk inda ka koma baya ka sake, yana rubutawa. Wani lokaci ma a ce ka dinga faɗin abin da ke ranka a fili kana aikin. Abubuwan da aka rubuta ɗin nan su ne matsalolin. Rigimar duk a kan mutum nawa za a zaunar kafin a ce an ga abin da ya isa.

Biyar ɗin ba daga sama ta faɗo ba, tana da asali mai kyau. A 1992 wani mai bincike, Robert Virzi, ya nuna cewa mutum huɗu zuwa biyar suna fito da wajen kashi 80 na matsaloli. A 1993 kuma wasu masu bincike biyu, Jakob Nielsen da Tom Landauer, suka kai takarda wani taro a Amsterdam, inda suka haɗa bayanan bincike 11 suka fitar da lissafi. Lambar da ta shahara daga aikinsu ita ce, idan aka haɗa aka raba, mutum ɗaya yana cin karo da kashi 31 na matsalolin da ke cikin abu. Daga nan sauran duk lissafin firamare ne. A ce matsala 100 ce a af ɗinka. Na farko ya gano 31, saura 69. Na biyu shi ma zai ga nasa amma wasu maimaici ne, sababbin da zai kawo wajen 21 ne, an kai 52. Na uku ya ƙara 15, an kai 67. Na huɗu 10, na biyar 7, sai ga ka a 84 da ɗoriya, aka cike aka ce 85. Kaga kowane sabon mutum abin da yake ƙarowa raguwa yake, amma kuɗin zama da shi bai ragu ba. A watan Maris na 2000 Nielsen ya rubuta wannan a shafinsa da yaren da kowa zai gane, daga nan magana ta bi duniya.

Yanzu ga abin da Faulkner ta yi. Ta ɗauki wata manhajar intanet da ma'aikata ke cika awannin aikinsu a ciki, irin fom ɗin nan na ofis da ake cikewa duk mako. Ta nemo mutum 60, kuma ba ta kwaso su haka kawai ba, ta kasa su gida uku, 20 a kowane gida: waɗanda kwamfutar ma ba su saba da ita ba balle manhajar, waɗanda suka iya kwamfuta amma ba su taɓa ganin wannan manhaja ba, sai waɗanda suka iya kwamfuta kuma sun san manhajar. Kowa aka ba shi aiki iri ɗaya, aka ba shi bayanan da zai shigar, ana rubuta duk inda ya kauce daga hanyar da ya kamata ya bi. Da aka gama da duka 60 ɗin sai ya zama tana da cikakken jerin matsaloli a hannu, kuma ta san wane ne ya ci karo da wace.

Anan dabarar take, kuma wallahi tana burge ni don sauƙinta. Ta sa kwamfuta ta dinga jefa ƙuri'a, a ɗebo mutum biyar cikin 60 ɗin ba tare da duba ko su waye ba, a tambaya: da a ce waɗannan biyar ɗin kaɗai muka gwada, kashi nawa na jerin nan za mu gani? A mayar da su, a sake ɗebo wasu biyar, a sake tambaya, a yi ta maimaitawa. Sannan a yi haka da goma-goma, sha biyar-sha biyar, ashirin-ashirin, har sama. Wato ta kwaikwayi kamfanoni da yawa da kowanne ya yi gwajinsa da mutum biyar a kan abu ɗaya, sai dai ita tana da amsar a aljihu, su ba su da ita.

Abu na farko da ya fito, Nielsen bai yi ƙarya ba. Idan ka haɗa duk rukunonin biyar-biyar ɗin ka raba, kashi 85 da ɗan rabi suke ganowa, kusan daidai da abin da aka faɗa shekara goma kafin nan. Amma da ka leƙa cikin rukunonin ɗaya-ɗaya sai gabanka ya faɗi. Akwai biyar ɗin da suka gano kashi 99. Akwai kuma biyar ɗin da kashi 55 kacal suka gano. Manhaja ɗaya, aiki ɗaya, mai lura bai canza ba, bambancin kawai su wa ƙuri'a ta faɗo wa.

Ku tsaya a kan 55 ɗin nan, don nan ne duk zancen yake. Kai da ka yi gwajinka ranar Talata da mutum biyar, ba ka da sauran mutanen da za ka auna kanka da su kamar yadda take da su. Rahoton da za ka rubuta idan ka dace da rukunin 99 da wanda za ka rubuta idan ka faɗa rukunin 55, kamanninsu ɗaya ne, duka za su zo da jerin matsaloli da hotunan allo da shawarwari, duka za ka ji a ranka ka yi aiki, har ma a na biyun kana iya ganin mutum na huɗu da na biyar suna maimaita abin da na farko ya gani ka ce ai shikenan an ƙure. Alhali kusan rabin abin yana nan kwance yana jiran ranar da za a saki af ɗin. Matsakaici yana da amfani ga wanda zai yi gwaji sau ɗari, kai kuwa sau ɗaya za ka yi kafin oga ya ce a ɗora a Play Store.

Da ta ƙara yawan mutanen, matsakaicin ya ɗan hau, amma abin da ya fi canzawa shi ne mafi munin sakamako. Da mutum 10, babu rukunin da ya sauka ƙasa da kashi 80, matsakaici kuma ya kusa 95. Da mutum 15, mafi ƙaranci 90, matsakaici 97. Da 20, mafi ƙaranci 95, matsakaici 98. Daga 20 zuwa sama kuwa ƙarin ba shi da yawa, kana zuba kuɗi ne kan maki ɗaya ko biyu. To kaga abin da mutum na shida zuwa na goma suke saya maka, ba wai tarin sababbin matsaloli ba ne kawai, suna rage maka yiwuwar a ce rashin sa'a ka yi ba ka sani ba. Daga 55 zuwa 80 da ƙarin mutum biyar, ni ban ga kasafin da zai ce wannan tsada ne ba.

Me ya kawo wannan tazara haka? Lambar 31 ɗin can ita ce ke ɓoye abin. Lissafin yana tafiya ne kamar kowace matsala tana damun kusan mutum ɗaya cikin uku, amma a zahiri ba haka matsaloli suke ba. Wata kowa sai ya yi tuntuɓe da ita, mutum biyu ma sun isa su nuna maka. Wata kuwa mutum ɗaya cikin goma take kamawa, kuma idan ka buga lissafin, damar ka ganta da mutum biyar kashi 41 ce kawai, kafin ka kai 85 ɗin nan sai ka zaunar da mutum 18. Wadda ke kama ɗaya cikin ashirin, biyar za su nuna maka ita kashi 23 ne, kana buƙatar mutum 37. Kamar mai sayen buhun wake ne a Dawanau, in ƙwari sun cinye sulusin buhun to hannu ɗaya da ya zura zai gani, amma in tsakuwa ce aka zuba can ƙasa zai iya ɗiba sau biyar daga sama ya ce kaya sun yi kyau.

Kuma kar wani ya ce ai wadda ba ta cika faruwa ba ƙarama ce. Virzi ya ga cewa manyan matsaloli sun fi saurin fitowa tun a mutanen farko, amma James Lewis na IBM da ya duba nasa bayanan a 1994 bai ga wannan alaƙa ba, kuma a wajensa mutum ɗaya kashi 16 yake ganowa ba 31 ba, wanda in ka lissafa mutum biyar 58 za su ba ka. Jared Spool da Will Schroeder su ma a 2001 sun sa mutum 49 sayayya a shafukan kasuwanci huɗu na gaske, biyar ɗin farko kashi 35 kawai suka fito da shi, kuma mutum na 13 da na 15 kowanne ya zo da sabuwar matsala babba da ba wanda ya gani kafinsa. Dalilin a fili yake, a babban shafin sayayya kowa hanyarsa daban yake bi, wannan yana neman faifai wancan yana neman na'ura, ba sa ma taka wuri ɗaya balle su yi tuntuɓe ɗaya. Na Faulkner fom ne guda da hanya guda, amma duk da haka sai da aka samu 55. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan na Spool.

Sai dai adalci, dole a faɗa, abin da Nielsen ya rubuta ba shi ne abin da mutane ke yawo da shi ba. Bai ce ka gwada biyar ka rufe littafi ba. Cewa ya yi idan kana da kuɗin mutum 15, kar ka ƙone su a zama ɗaya, ka yi biyar ka gyara abin da ka gani, ka sake biyar a kan gyararren, ka sake gyarawa ka sake biyar. Kuma yana da gaskiya, don babbar matsala tana tare ƙanana, idan mutane sun kasa wuce shafin rajista to ba amfanin ka kalli mutum ashirin suna kasawa a wuri ɗaya, gyara ƙofar tukunna ka ga abin da ke cikin ɗakin. Ya kuma faɗa tun a lokacin cewa idan masu amfani da abinka kala-kala ne sosai, kamar yara da iyaye, kowane rukuni sai an nemo nasa mutanen, uku zuwa huɗu a kowanne. A 2012 ya sake komawa kan batun ya ce idan alƙaluma kake nema, kamar minti nawa aiki ke ɗauka ko kashi nawa ke gamawa, to aƙalla mutum 20, idan kuma bin motsin ido ne da na'ura 39. Duk waɗannan sharuɗɗan sun zube a hanya, lambar biyar ce kaɗai ta iso ofisoshi.

Shi ma aikin Faulkner yana da iyakarsa. Kashi 100 ɗin da take aunawa da shi, abin da mutum 60 suka gano ne, ba duk abin da ke cikin manhajar ba, mutum na 61 yana iya zuwa da nasa. Manhaja ɗaya ce, aiki ɗaya. Kuma tunda daga cikin 60 ɗin ake ɗiba, dole rukunin 40 ko 50 ya kusa cikewa, wannan ba abin mamaki ba ne. Akwai ma wani abin da yawan mutane ba ya magancewa, shi ne idon mai lura. Rolf Molich ɗan ƙasar Denmark ya sa tawaga tara kowacce ta gwada shafin imel na Hotmail da kanta a ƙarshen shekarun 1990, suka kawo matsala 310, kuma kashi 75 nasu kowace matsala tawaga ɗaya ce kawai ta gan ta. To ko ka tara mutum 50, in aikin da ka ba su bai kai su inda ramin yake ba, ko kai mai kallon ba ka gane abin da kake gani ba, adadi ba zai cece ka ba.

Duk da haka sakamakon Faulkner bai tsaya a mujalla ba. A watan Fabrairun 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da jagora ga masu ƙera na'urorin asibiti kan yadda za su nuna cewa mutane za su iya amfani da kayansu ba tare da kuskure mai cutarwa ba. A ciki ta ce gwajin ƙarshe na tabbatarwa a yi shi da aƙalla mutum 15 daga kowane rukunin masu amfani, kuma ta kawo alƙaluman Faulkner a matsayin hujja, wato 90 mafi ƙaranci da 97 matsakaici. Ku lura da "kowane rukuni". Idan allurar insulin ce irin mai kama da biro, kuma majinyaci zai yi amfani da ita, da mai jinyarsa a gida, da nas a asibiti, to 45 kenan ba 15 ba. Su ba su ce biyar ƙarya ce ba, a lokacin da ake ta gyare-gyare ana iya yin ƙananan gwaje-gwaje, amma ranar da za a ce wannan abu ya fita ya shiga jikin mutane ba sa yarda da lambar da za ta iya zama 55.

Wannan rabewar ita ce nake ganin ta shafe mu kai tsaye, mu da yanzu kusan komai ya koma waya, tura kuɗi, biyan kuɗin makaranta, rajistar jarrabawa. A ce matasa ne a Kano sun haɗa af na adashe. Ranar gwaji wa za su kira? Abokai, ƙanin wani da ke karanta kwamfuta a jami'a, ma'aikacin ofishin da ke kusa, duk masu manyan wayoyi, duk sun iya Turanci, duk a kan wayifai ɗin ofis. Wannan ko ƙuri'ar Faulkner bai kai ba, don ita cikin gida uku take ɗiba, kuma a gwajinta waɗanda ba su saba ba sun fi ƙwararru ɓata hanya nesa ba kusa ba. Su kuwa daga gidan ƙwararru kaɗai suka ɗebo duka biyar.

Yanzu kawo wadda aka yi af ɗin dominta, uwar adashe ko mai ɗinki a cikin gida, da ƙaramar itel ɗinta mai tsagaggen gilashi. Ta rubuta kuɗin, kibod ya taso ya rufe madannin "Ci gaba", ta duba sama ta duba ƙasa ba ta gan shi ba, ta danna komawa baya don kibod ɗin ya sauka, sai fom ɗin ya goge gaba ɗaya. Ta sake daga farko. Wannan karon ta samu madannin ta danna, sabis ya yi nauyi, allo bai nuna komai ba, ba alamar juyawa ba saƙo, ta jira kaɗan ta sake dannawa. Kuɗi ya fita sau biyu. Ko kuma lambar sirrin da ake turowa ta tafi layin maigida don da shi aka yi rajista, shi kuma yana kasuwa. Ko dattijon da ajami yake karantawa ba boko ba, ko ɗan kasuwar Maraɗi da ya saba da menu na Faransanci da lissafin sefa. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da abokan ofis biyar za su nuna maka, ko ka maimaita da su sau goma.

Da ni ke riƙe da aikin, ga yadda zan kasa shi. Lokacin da ake zane ana gogewa, biyar-biyar ko ma uku-uku, duk sati ko sati biyu, a gyara a sake, kuma kowane zagaye a tabbatar akwai wanda bai saba da waya ba a ciki, a je a same shi inda yake da wayarsa da sabis ɗin unguwarsu, kar a kira shi ofis a miƙa masa wayar kamfani. Amma duk shafin da kuɗi ke fita ta cikinsa ko bayanin lafiyar mutum, kafin a sake shi zan bi hanyar FDA, in zauna in rubuta rukunonin da gaske suke, in nemi 15 a kowanne. Idan matsalar danna sau biyu ɗin nan tana kama mutum ɗaya cikin ashirin, kuma af ɗin ya samu mutum 100,000, to mutum 5,000 kenan da za su kira suna kuka kuɗinsu ya tafi, kuma irin wannan labari a unguwa ba ya tsayawa a kan wanda abin ya sama. Da mutum biyar damar ka ganta kafin fita kashi 23 ce, da 45 daga rukuni uku tana kaiwa wajen kashi 90.